Kalmomin Turanci Masu Nuna Nisa Da Gwargwado, Da Ma'anoninsu

Ɗalibin da ya baro Kano ko Maradi ya zo karatu Alƙahira yakan ɗauka cewa Larabci kaɗai zai buƙata. Ba ya daɗewa yake gane cewa Turanci ma yana biye da shi: wajen cike takardun ofishin jakadanci, wajen karanta takardar da ke cikin kwalin magani, wajen fassara shaidar kammala karatu, da kuma lokacin neman gurbin ƙaro ilimi a wata ƙasa. Kalmomin da suka fi rikita mutane a nan ƙanana ne, wato masu nuna nisan wuri da masu nuna gwargwadon abu, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ga bayaninsu, tare da misalai daga wuraren da mazauna Alƙahira suka sani.

Kalmomin nisa

"Far" na nufin nesa, abin da Bamisire ke kira "ba'id". Turawa sun fi sa ta a cikin tambaya ko korewa. Za su ce "Is it far?", wato da nisa? Ko "It is not far", wato babu nisa. Idan kuwa za su tabbatar da nisan ne, sun fi cewa "It is a long way". Haka kuma ba a haɗa ta da adadi. Iskandariyya tana da nisan kimanin kilomita 220 daga Alƙahira, amma kuskure ne a ce "220 kilometres far". Daidai shi ne "220 kilometres away", ko "220 kilometres from Cairo".

"How far" tambaya ce a kan nisan hanya, "how long" kuma tambaya ce a kan tsawon lokaci. A nan 'yan Najeriya su kula: a Turancin buroka "how far" gaisuwa ce, kamar a ce yaya dai. Baturen Ingila ko Bamisiren da ya koyi Turanci a makaranta ba zai ɗauke ta gaisuwa ba, jira zai yi a gaya masa wurin da ake tambayar nisansa.

"Near" da "close" duk kusa ne, "urayyib" a Larabcin Masar. Bambancinsu shi ne "near" tana iya tsayawa gaban suna kai tsaye, ita kuwa "close" sai da "to". Ana cewa "near Abbasiyya" ko "close to Abbasiyya". Idan maganar zumunci ce, "close" ake ɗauka: "a close friend" shi ne amini. "Nearby" na nufin nan kusa, ba tare da an ambaci wurin ba.

"Next to" ta fi "near" kusanci, ma'anarta daura da, ko dab da, wato "gamb" a bakin Misirawa. Kasuwar Khan al-Khalili tana "next to" masallacin Husaini. "Opposite" kuwa abu ne da ke fuskantar wani, da hanya ko fili a tsakaninsu, kamar yadda titi ya raba masallacin Azhar da dandalin Husaini.

"Distant" da "remote" sun fi zuwa a rubuce. "Distant" nesa ce kawai, kuma "a distant relative" shi ne dangi na nesa. "Remote" ta ƙara da ma'anar keɓewa da wuyar zuwa, irin dausayin Siwa da ke can cikin hamada kusa da iyakar Libiya.

"Within" na nufin bai wuce iyakar da aka ambata ba, "beyond" kuma gaba da ita. Mai neman gidan haya zai riƙa ganin "within walking distance", wato ana iya zuwa a ƙafa. Wannan magana ba ta da awo, don haka gara a tambayi minti nawa ne kafin a biya kuɗi. "Halfway" rabin hanya ne: garin Tanta yana "nearly halfway" tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, wato ya kusa zama tsakiyar tafiyar. "Apart" tazara ce tsakanin abu biyu.

Farther da further

Dukansu na nufin mafi nisa, kuma ana iya musanya su idan ana maganar hanya: Aswan tana "farther" ko "further" daga Alƙahira fiye da Luksor. Amma "further" tana da ma'ana ta biyu wadda 'yar'uwarta ba ta da ita, wato ƙari. "Further studies" ƙaro karatu ne, "further information" ƙarin bayani, "until further notice" kuma har sai an sake sanarwa. Wanda yake shakka ya riƙe "further", domin tana shiga ko'ina.

Akwai wasu maganganu da ke ɗauke da "far" alhali ba hanya suke aunawa ba. "So far" na nufin zuwa yanzu. "By far" na nufin fifiko mai tazara, kamar a ce Alƙahira ce "by far the largest city" a Masar, wato babu na biyunta kusa. "As far as I know" daidai take da iyakar sanina. "Far from" kuwa korewa ce mai ƙarfi: idan malami ya rubuta "far from complete" a kan bincikenka, yana nufin da sauran aiki ja a gabanka.

Awo

A Masar, kamar Najeriya da Nijar, da mita da kilomita ake awo, amma a Amurka da kan titunan Ingila mil ake amfani da shi. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai, saboda haka tafiyar Iskandariyya mil 137 ce ko kusa da haka. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, inci ɗaya kuma santimita 2.54. A Turanci adadi ke fara zuwa, sai ma'auni, sai siffa. Layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987, kuma yake tashi daga Helwan zuwa Marg, ana cewa "44 kilometres long". Hasumiyar Alƙahira da aka kammala a 1961 kuwa "187 metres high" ce ko "tall". Mutum dai "tall" ake ce masa, ba "high" ba.

Kalmomin gwargwado

Bahaushe yana da ɗan, da sosai, da ƙwarai, da matuƙa, ga kuma irin su fari fat, baƙi ƙirin da ja wur. Bature ma yana da nasa tsanin, ga shi daga ƙasa zuwa sama.

"Slightly", "a little" da "a bit" su ne ɗan kaɗan, "shwayya" a Larabcin Masar. "A bit" ta baka ce, ba a cika sa ta a takardar hukuma ba.

"Fairly" na nufin daidai gwargwado, ba yabo ba fallasa. "Fairly good" bai kai "good" zalla ba.

"Rather" ta ɗara "fairly" ƙarfi, kuma sau da yawa tana tafe da ƙorafi ko mamaki: "rather expensive", wato da ɗan tsada fa. "Pretty" idan ta zo gaban siffa ba kyau take nufi ba. "Pretty far" na nufin da nisa ba laifi, kuma maganar baka ce.

"Very" ita ce sosai ko ƙwarai, "giddan" ko "awi" a wurin Misirawa. "Extremely" ta fi ta, wato matuƙa. "Absolutely", "completely" da "totally" na nufin ɗungum, kuma suna tafiya ne da siffofin da suka riga suka kai ƙarshe. Ana cewa "very good", amma "absolutely excellent". "Very excellent" da ake yawan ji kuskure ne.

Ba a sa "very" wajen kwatanta abu biyu. Ba a cewa "very cheaper", sai dai "much cheaper" ko "far cheaper". Haka nan ba ta hawa kan aikatau ita kaɗai: "I like it very much" ake cewa.

Quite

Wannan kalma ta cancanci a ware ta, domin fuska biyu gare ta. A bakin Baturen Ingila "quite good" yawanci na nufin ba laifi, wani lokaci ma yabo ne na kara. A bakin Ba'amurke kuwa ta kusa da "very good". Amma idan ta haɗu da siffar da ba ta da mataki, kamar "quite right" ko "quite impossible", ma'anarta sarai ko gaba ɗaya ce a wurin kowa. "Quite a few" kuma ba kaɗan ba ne, da dama ne.

Inda wannan ke shafar ɗalibi shi ne fassarar sakamako. Jami'ar Azhar da sauran jami'o'in Masar suna ba da darajoji kamar haka: mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul. Fassarar da aka saba da ita a Turanci ita ce "excellent", "very good", "good", "pass". Idan mai fassara ko mai rubuta takardar shaida ya sa "quite good" ko "fairly good" a gurbin jayyid jiddan, ya sauko da ɗalibi ƙasa da matsayinsa a idon mai karantawa a Ingila. Saboda haka a duba fassara da kyau kafin a kai ta a buga mata hatimi.

Too da enough

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma Larabcin Masar yana ƙara shi, domin "awi" ɗaya ce ke aikin duka biyun. "Very" na nuna yawa kawai, "too" kuwa na nuna an wuce kima har abin ya ɓaci. "The tea is very hot", shayi da zafi sosai, amma ana iya sha. "The tea is too hot", ya yi zafi, ba ya shawuwa. Wanda ya gaya wa mai masaukinsa "your house is too big" da niyyar yabo, kushe ya yi. "Far too expensive" kuma tsadar ta wuce hankali.

"Enough" na nufin ya isa, "kifaya" ke nan. Tana bin bayan siffa, amma tana gaban suna: "near enough", "enough money".

Tagwayen da ba su kama ba

"Near" kusa ne, amma "nearly" na nufin saura kaɗan, daidai da "almost". "He nearly passed" na nufin bai ci jarrabawa ba, ya dai kusa.

"Hard" na nufin da ƙarfi ko tuƙuru, amma "hardly" na nufin da ƙyar, ko kusan babu. "He works hard", yana aiki tuƙuru. "He hardly works", kusan ba ya taɓuka komai. "It hardly ever rains in Cairo" gaskiya ce, domin ruwan da ke sauka a birnin a shekara kimanin milimita 25 ne kacal. "Barely" da "scarcely" duk 'yan gida ɗaya ne da ita. "He barely passed" na nufin ya ci, amma da ƙyar da jiɓin goshi. A lura da tazarar da ke tsakanin wannan da "nearly passed".

"A few" da "a little" na nufin akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Idan aka cire "a" ɗin, "few" da "little" na nufin ƙaranci, kusan babu. Likitan da ya ce "there is a little hope" da wanda ya ce "there is little hope" ba magana ɗaya suka yi ba.

Kalmar degree kanta

Ma'ana huɗu gare ta. Ta farko mataki ko gwargwado, kamar "to some degree", wato har zuwa wani mataki. Ta biyu digirin jami'a. Ta uku ma'aunin zafi: digiri 40 a ma'aunin Salshiyos da ake amfani da shi a Masar daidai yake da 104 a ma'aunin Faranhait na Amurka. Ta huɗu ma'aunin kusurwa da matsayin wuri a taswira: Alƙahira tana kan digiri 30 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana kan 12.

Hanyar riƙe waɗannan kalmomi ita ce a ɗaura kowacce a kan wurin da aka sani. Mai zama a Madinatul Bu'us ya gwada faɗin nisan da ke tsakaninsa da Azhar, da Dandalin Tahrir, da dalar Giza, yana sauya "near", "fairly far", "a long way" da "too far to walk", har bakinsa ya saba.