2.4 Jirgin Sama Marar Inji Na Koyon Tuƙi

Jiragen da Kanawa suka fara gani masu inji ne, wato guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925. Sai dai a wannan lokaci, can a ƙasar Jamus, da wani irin jirgi dabam ake koyon tuƙi, wanda ba shi da inji ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Sheshe da tsakar rana ya ga shirwa tana shawagi ba ta kaɗa fiffike, to ya ga asalin dabarar: iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ita ke ɗauke da ita.

Dalilin bunƙasar wannan jirgi a Jamus na siyasa ne. Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta hana Jamusawa mallakar jiragen yaƙi, saboda haka matasa suka koma kan dutsen Wasserkuppe, inda aka fara gasar shawagi a 1920. A 1926 Alexander Lippisch ya tsara samfurin Zögling, sannan a 1938 aka fito da SG 38, wanda aka ƙera kimanin 10,000. Ƙirarsa ba wuya: firam na katako, fikafikai masu faɗin mita 10 da 'yan kai da aka lulluɓe da ƙyalle, wayoyi na ɗaure su, sai kujera ɗaya tak a fili, ba rufi ba gilashi. Mutane ne ke ja da igiyar roba su cilla shi sama, tamkar danƙon harbin tsuntsu.

Kujera ɗayan nan ita ce gaɓar da ta fi jan hankalin wannan nazari. Ɗalibi shi kaɗai yake tashi tun ranar farko, malami yana ƙasa, iyakarsa ɗaga murya. Akan fara da koyon daidaita fikafikai a ƙasa, sai jan ciki, sai ɗan tsalle. Wanda ya yi daƙiƙa 30 a sama ya sami shaidar A, minti ɗaya B, minti biyar kuwa C. Tsarin yana da araha, kafinta ma na iya gyaran jirgin, amma an karya jirage da ƙasusuwa da yawa. Shi ya sa Ingilishi, da suka yi amfani da Kirby Cadet mai kujera ɗaya, suka koma masu kujera biyu wajejen 1950.

A Afirka ta Yamma, Gana ce ta rungumi shawagi a hukumance. Kwame Nkrumah ya gayyato Bajamushiya Hanna Reitsch ta kafa makaranta a Afienya a 1962, ta kuma bar ƙasar bayan juyin mulkin 1966. Nijeriya kuwa, da ta kafa makarantar tuƙin jiragen sama a Zariya a 1964, jirgi mai inji ta zaɓa, malami na zaune gefen ɗalibi.