Daga BK zuwa CRS: Tarihin Darasin Littafi Mai Tsarki a Arewacin Kogin Kaduna

Darasin sanin Littafi Mai Tsarki a makarantun Kaduna ya ratsa hannu uku cikin shekaru saba'in da ɗoriya. Da fari yana hannun 'yan mishan, daga baya ya koma hannun gwamnati, yau kuwa hukumar jarrabawa ce take tsara abin da yaro zai karanta. Ya kamata mu masu hidima mu san yadda aka yi haka, domin makomar yara da yawa na ikilisiyoyinmu tana rataye a kan wannan darasi, ta fuskar shiga jami'a da ta bangaskiya duka.

Zamanin mishan

Kaduna ba tsohon birnin sarauta ba ne irin su Zariya da Kano. Lugga ne ya zaɓi wurin, aka kuma dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. A biranen sarakuna, Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan saboda alkawarin da suka yi cewa ba za su taɓa addinin jama'a ba. Amma Kaduna garin sojoji ne da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda suka zo daga ko'ina, da yawansu kuma masu bi ne. Don haka majami'u da makarantunsu suka samu wurin zama tun da wuri.

A 1949 limaman Katolika suka buɗe St. John's College a yankin Unguwar Rimi. Angilikan suna da St. Faith's College ta 'yan mata a Kawo, a Kawo ɗin kuma Baptis suka kafa makarantar horar da fastoci. A irin waɗannan makarantu, darasin da ake kira BK ba shi kaɗai yake tsaye ba. Akwai sujadar safe, akwai haddar ayoyi, akwai malami wanda yake koyar da abin da shi kansa ya gaskata. Lokacin da aka kafa hukumar WAEC a 1952, BK yana cikin darussan da ake rubutawa, amma jarrabawar reshe ce kawai. Gindin itacen yana cikin zaman makarantar na yau da kullum.

A gida kuwa, tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai tare da waɗansu. Ke nan tun farko yaro Bahaushen baki yana jin Maganar da Hausa a majami'a, yana rubuta ta da Turanci a aji. Za mu dawo kan wannan.

Zamanin gwamnati

A farkon shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya a ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta zama Rimi College, St. Faith's ta zama sakandaren gwamnati ta 'yan mata ta Kawo. A hayin kogi, Queen of Apostles da ke Kakuri ta zama Queen Amina College, a Wusasa kuma St. Paul's ta zama Kufena College. Gwamnati ta kafa hujja da haɗin kan ƙasa da buɗe ƙofar ilimi ga kowa, kuma gaskiya ne yara da yawa sun samu shiga. Ba a soke darasin addini ba, amma ya zama darasi ɗaya cikin jerin darussa, sa'o'i kaɗan a mako. Ikilisiya ba ta da ta cewa a kan wanda za a ɗauka ya koyar da shi.

A nan ne muka yi asarar da ba mu gane girmanta nan da nan ba. Mun saba makaranta tana ɗauke mana koyarwa mai tsari, daga Farawa har Wahayi. Da makarantar ta fita hannunmu, ba mu gina wani abu a madadinta ba. Wa'azin Lahadi da ajin baftisma suka ci gaba, amma ba a shirya su domin su bi da yaro cikin tarihin Isra'ila daki-daki ba.

Zamanin hukumar jarrabawa

A 1978 aka kafa JAMB domin shirya jarrabawa guda ta shiga jami'o'i. Darasin ya sauya suna zuwa CRK, daga baya CRS. Tun 2010 ana kiran jarrabawar UTME, tun 2015 kuma da kwamfuta ake rubuta ta. Ɗalibi yana zaɓar darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, maki duka 400. Masu neman karatun lauya, tarihi, ko nazarin addini a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna sukan sa CRS cikin huɗun nan.

Manhajar ta kasu kashi huɗu: daga halitta zuwa rabuwar mulkin Isra'ila, daga rabuwar mulki zuwa dawowa daga bautar talala, tare da annabawa, Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni, sai zaɓaɓɓun wasiƙu. A kashi na ƙarshe ne ake taɓa ginshiƙan koyarwa: kuɓuta ta wurin bangaskiya, Shari'a da alheri, sabon rai cikin Almasihu, baye-bayen Ruhu, gafara, bayarwa, hakkin mai bi ga hukuma, darajar aiki, da dawowar Ubangiji. Duk wanda ya duba jerin nan zai ga kusan abin da muke karantawa ne a shekarar farko ta makarantar tauhidi.

Sa'ad da kogi ya zama iyaka

Rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 sun sāke fasalin garin. An ƙone makarantar tauhidi ta Baptis da ke Kawo a 2000. Iyalai masu bi da dama suka ƙaura zuwa Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, Musulmi da dama kuma suka baro kudu suka koma arewa. Kowane ɓangare ya binne nasa. Amma ba duka masu bi suka tashi ba. Har yau ana sujada a St. Michael da St. Joseph da majami'un unguwanni da barikoki. Inda ɗalibai Kirista suka ragu a aji, samun malamin CRS yakan yi wuya, wannan kuwa kuka ne da iyaye suke kawo mana.

Doka tana da abin cewa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. A 2017 ma, bayan ƙorafin CAN da wasu ƙungiyoyi kan manhajar da ta cusa darussan addini ƙarƙashin inuwa ɗaya, hukumomin ilimi suka ce a koyar da na Kirista da na Musulunci kowanne daban. Sai dai doka kariya ce, ba ta shiga aji ta riƙe alli.

Abin da tarihin yake koya mana

Na farko, koyarwa aikinmu ne tun asali, aro makaranta ta yi. Neman a dawo da makarantun mishan yana da wurinsa, amma yaron da zai rubuta jarrabawa bana ba zai jira ba. Mai hidima ya samo manhajar JAMB, ya raba ta bisa makonni, ya nemi malaman makaranta da ke cikin ikilisiya su taimaka.

Na biyu, mu kula da harshe. Da fassarar Turanci ta RSV ake tsara tambayoyin. Yaron da ya tashi da Littafin Hausa ya san Yakubu, amma a Turanci ɗan Ishaku Jacob ne, marubucin wasiƙar kuwa James. Yahuza ɗaya a bakinmu ya rabu uku a can: Judah, Judas da Jude. Yaro yakan san labari sarai, suna ya kayar da shi. A karanta nassi da harsunan biyu gefe da gefe.

Na uku, kada mu ɗauki maki a matsayin bangaskiya. Tambayar zaɓi-ɗaya za ta iya gwada ko yaro ya san wanda Bulus ya rubuta wa game da Unisimas, amma ba za ta gwada ko ya iya gafarta wa wanda ya ƙone gidansu ba. Wasiƙar Filimon tana da nauyi dabam a garin da ya ga abin da Kaduna ta gani. Hukuma za ta duba amsar farko. Ta biyun, a hannunmu za a neme ta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne a ikilisiyarku za su rubuta CRS bana, wa kuma yake koya musu?
2. Wane kashi cikin huɗun nan ne wa'azinku ya fi tsallakewa?
3. Ta yaya za ku nemi malamin CRS a makarantar unguwarku ba tare da ɓata zumunci da maƙwabta Musulmi ba?