Gwajin DNA Da Tarihin Kakanninmu Na Sabo

Jama'a, yanzu mutum kan tura yawunsa ga kamfani irin AncestryDNA don sanin asalinsa. Kamfanin yana kwatanta ƙwayoyin halittarsa da na mutanen da ya tara, sannan ya lissafa masa yankunan da jininsa ya fito. Sunan kaka kuwa, babu shi a ciki.

A 1916 aka kafa unguwar Sabo ta Ibadan. Kakanninmu fatake ne, suna gangaro da shanu kudu, suna tura goro arewa. Wanda ya zo daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, da gidan da ya sauka, duk suna bakin dattawanmu, kuma kullum raguwa suke yi. Mu zauna da su mu rubuta tun suna raye. Allah ya ƙara musu lafiya.