Aiki ko Agaji: Gwajin da Amurka Ta Yi Daga 1933 Zuwa 1943

A shekarar 1933, sa'ad da Franklin Roosevelt ya karɓi ragamar mulkin Amurka, kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi. Da fari gwamnati ta bi hanya mafi sauƙi, watau rabon kuɗin agaji ta hannun jihohi. Amma Harry Hopkins, wanda aka ɗora wa wannan nauyi, yana ganin cewa magidancin da ya saba cin guminsa, in aka mai da shi mai miƙa hannu, to an cika masa ciki ne kurum, an kuwa kashe masa zuciya.

Bisa ga wannan ra'ayi ne aka kafa hukumar ayyuka ta WPA a 1935. Kafin a rufe ta a 1943, ta ɗauki kimanin mutum miliyan 8.5, waɗanda suka shimfiɗa ko suka gyara hanyoyi fiye da mil 600,000, ban da makarantu da asibitoci da gadoji, akasarinsu bisa buƙatar ƙananan hukumomi.

To, amma aiki ya fi agaji tsada, domin bayan albashi akwai kuɗin siminti da kayan aiki da na masu duba-aiki. Saboda haka hukumar ba ta taɓa ɗaukar ko da rabin marasa aiki a lokaci guda ba. Galibi mutum ɗaya ake ɗauka daga kowane gida. Ita kanta gwamnatin ba ta dogara ga aiki kaɗai ba, gama a cikin 1935 ɗin ne ta kafa inshorar rashin aiki. Siyasa ma ta tsoma baki: zargin da aka yi na amfani da ma'aikatan a zaɓen jihar Kentucky na 1938 ya taimaka wajen kawo dokar Hatch ta 1939.

Wurin da masana suka fi saɓani shi ne ƙidaya. Tsofaffin alƙaluma sun lissafa waɗannan leburori cikin marasa aiki, suka nuna kusan kashi 15 cikin ɗari a 1940. A 1976 masanin tattalin arziki Michael Darby ya ce wanda ke fita da shebur kullum ana biyansa ma'aikaci ne. Da aka bi lissafinsa, adadin ya sauko ƙasa da kashi 10. Ko ta wace hanya aka ƙirga, masana'antun Yaƙin Duniya na Biyu da ɗibar soja su ne suka kwashe ragowar, har hukumar ta rasa dalilin ci gaba.