Tagogin da suka ƙetare teku sau biyu

Tun da Turawan Fotugal suka kafa ganuwar Elmina a shekarar 1482, da duwatsun da aka sassaƙa tun daga Lisbon aka ɗauko a jiragen ruwa, ba su ɓata lokaci wajen yi wa tagoginta ado ba, domin gidan tsaron zinariya ne, ba fadar sarki ba. Adon yana can gida, inda zinariyar ta tafi. A garin Tomar, wajen shekarar 1510, a zamanin Sarki Manuwel na Ɗaya, magini Diogo de Arruda ya sassaƙa wa wata majami'a taga guda wadda ya kewaye ta da igiyoyin jirgi da murjani da saiwar itace, duka na dutse, har mai kallo ya kan manta cewa aikin taga shi ne shigar da haske.

Amma akwai wata taga mafi kunya, wadda Fotugal ta gada daga Musulmin Andalus: ragar katako da ke barin iska ta ratsa, matar gida ta ga titi alhali ba a ganinta, bisa ga ƙa'idar sutura da malamai suka sani. Ita ce ta bi su zuwa Burazil, ta cika titunan Rio de Janeiro, har hukuma ta hana ta a 1809, wai ba ta dace da birnin sarauta ba. Hukuncin, a ganina, na masu jin kunyar asalinsu ne.

Zuwan salon ginin Burazil Ankara kuwa ta hannun 'yantattun bayi ne. Bayan tawayen Musulmin Bahiya ta Burazil a 1835, wanda Yarbawa suka jagoranta tare da wasu Hausawa, jama'ar da ake kira Tabom suka sauka a 1836 ƙarƙashin Azumah Nelson, Nii Ankrah na Otublohum ya karɓe su, suka zo da ɗinki da haƙar rijiya da sanin gini. Brazil House na nan tsaye a Jamestown, ga kuma masallacin Shitta-Bey na Ikko, na 1894, shaidar aikin 'yan'uwansu.

Da aka buɗe unguwar Adabraka a Ankara bayan annobar 1908, sai kafintoci suka ɗauki nauyin ado: marufan katako masu tsage-tsage, kan taga mai baka, ɗan zanen siminti a goshinta. Waɗanda suka saura a tsofaffin benaye gara na cin su, masu gidajen haya a unguwannin Nima da Maamobi kuwa sun koma ga gilashin luba da ƙarfen hana ɓarayi.