Giyar da Ake Ajiyewa Ta Tsufa

Burukutu ba ta da dogon kwana. Daga tsiron dawa ake dafa ta, kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ta nuna sai tsami ya cinye ta. Haka Maguzawa da Azna suka san giya: ta gayya ce da biki, a sha a wanke tukunya. A Diffa kuwa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, abin ajiya shi ne wanda rana ko hayaƙi ya busar, wato tattasan bakin Komadugu da bandar kifin Tafkin Chadi.

Amma a Beljiyam akwai giyar da ake jira ta shekara, kuma tarihinta na haɗe da gidajen zuhudu na Kirista. ’Yan zuhudun da juyin juya halin Faransa ya koro suka kafa gidan Westmalle a 1794, suka fara dafa giya a 1836. Na Chimay suka bi sahu a 1862, Orval a 1931. Sai kuma doka ta sa hannu ba da niyya ba. A 1919 ministan shari’a Emile Vandervelde ya hana sayar da barasa mai zafi a mashaya domin rage shaye-shayen leburori, masu dafa giyar sha’ir suka ga gibi, suka ƙara wa tasu ƙarfi. Westmalle Tripel ta 1934 tana da kashi 9.5 cikin ɗari, Rochefort 10 ta haura 11.

Wannan ƙarfin ne ke hana ta lalacewa. Kafin a toshe kwalba ana ƙara sukari da yisti mai rai, sai giyar ta ci gaba da nuna a ciki. Ana jera kwalaben a tsaye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, a sanyin digiri 12 ko kusa da haka. Baƙar ita ta fi jure shekaru: ɗacinta ya kwanta, ƙamshinta ya koma na busasshen dabino da zabibi, shi ya sa Chimay ke buga shekara a jikin shuɗiyar kwalbarta. Farar ba ta cika amfana da jira ba. Masu ɗanɗano kan buɗe sabuwa da tsohuwa tare, su tsiyaya a kofi mai faɗin baki, su bar lakar yistin a gindin kwalba.

A 2016 UNESCO ta sa al’adar giyar Beljiyam cikin kundin al’adun gado na duniya.