BABI NA UKU: TARIHIN KOYON ASKI DA ASKA A ƘASASHEN MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai duba yadda sabon shiga yake fara koyon askin gargajiya, wato askin da ake yi da ruwa da aska, a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, da kuma yadda hanyar koyon ta riƙa sauyawa tun kafin zuwan Turawa har zuwa shekarun baya-bayan nan. Mutane da yawa sukan ɗauki aski a matsayin mafi ƙanƙantar aikin wanzami idan aka kwatanta shi da kaciya ko ƙaho ko cire belu. To amma idan aka bi tarihin sana'ar a tsanake, za a tarar cewa a kan aski ne ake horar da hannun da zai yi waɗancan manyan ayyuka. Saboda haka duk abin da ya taɓa koyon aski ya taɓa wanzanci gaba ɗayansa.

3.1 Wanzami da Gidajen Askinsa Kafin 1903

Waɗannan garuruwa uku suna cikin tsohuwar ƙasar Zamfara, wadda Gobirawa suka mamaye a tsakiyar ƙarni na 18. Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, ƙasar ta shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Sarautun garuruwan su ne Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun. Wannan ɗan tarihi yana da muhimmanci ga wanzanci, domin ya tara Zamfarawa da Gobirawa da Burmawa da Fulani a wuri ɗaya, kuma kowane jinsi da irin tsagarsa. Tsagar Gobirawa, alal misali, zane shida ce a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, tsaga ita ce shaidar asalin mutum, don haka kuskuren wanzami a fuskar jariri kuskure ne da za a ɗauka har kabari.

Kalmar wanzami ba ta tsaya a bakin Hausawa kaɗai ba. Zabarmawa da Barebari suna da mai kama da ita, haka kuma a Ghana ana kiran mai kaciyar gargajiya wanzam, abin da ke nuna nisan da sana'ar ta yi tare da fatake.

Wanzanci yana cikin sana'o'in gado. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin zamantakewar Hausawan Zazzau a shekarun 1950, ya bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, wato shigege, wanda a wasu wurare ake kira haye. Abin da ɗan wanzami yake gada ya wuce zabira da asake. Yana gadar gidajen aski, wato gidajen da ubansa da kakansa suke yi wa aiki: shi ne mai askin maigida da 'ya'yansa maza, shi ne mai askin suna ranar bakwai, shi ne mai kaciyar yaran gidan lokacin hunturu. Ladar wannan aiki ba a biyan ta nan take. Da kaka akan ba shi damin gero ko na dawa, ranar suna kuma yana da kasonsa na nama da goro. A saman wanzaman gari akwai Sarkin Aska, wanda ke sasanta su idan wani ya shiga gidan askin wani, kuma wurinsa baƙon wanzami yake fara sauka kafin ya buɗe zabira.

Addini ya ƙara wa aski gindin zama. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a makarantun zaure na wannan yanki, yana da babi a kan fiɗira da kaciya da aske gashi, kuma ya ambaci aske kan jariri ranar bakwai tare da yin sadaka da nauyin gashin. Haka kuma malamai sun yi ta hani ga aske wani sashe na kai a bar wani, wanda shi ne tushen sukar da aka riƙa yi wa tukku da zanko a kan yara. Sakamakon haka, aske kai tas a ɗora hula ko rawani ya zama kamannin namiji baligi, kuma aiki ya yawaita ga mai aska, musamman ranar Alhamis da safiyar Juma'a da jajibirin salla.

3.2 Yadda Yaro Yake Fara Riƙe Aska

Ɗan wanzami ba ya farawa da aska. Tun yana ƙarami yake bin ubansa da zabira a rataye, shi ne mai ɗebo ruwa a ɗan ƙoƙo, mai shimfiɗa tabarma ko buzu, mai kwashe gashi ya binne. Binne gashin nan ba tsafta kawai ba ce, domin Bahaushe ya yi imani cewa ana iya yi wa mutum sammu da gashinsa, don haka amana ita ce darasin farko. A wannan lokaci ne yake sanin sunayen abin da ke cikin aljifan zabira: askar aski da askar tsaga da askar kaciya da almakashi da hantsaki da ƙaho da dutsen washi.

Mataki na biyu shi ne washi, kuma a nan ake daɗewa. Askar da maƙerin gida ya ƙera ba ta riƙe kaifi da daɗewa, don haka kullum sai an koma da ita kan dutse. Yaro zai koyi kwantar da bakin aska a kan dutsen da aka jiƙa, ya ja ta gefe da gefe daidai wa daida, sannan ya goge ta a fata don kawar da ɗan ƙaiƙayin ƙarfen da dutse ya bari. Wannan ne ya sa ake ganin wanzami yana goga aska a tafin hannunsa yana tsakiyar aiki. Akan gwada kaifi a gashin damtse. Idan ta tsinke shi ba tare da an danna ba, ta yi. Mai kallo yakan zaci kaifi ne ke jawo yanka, alhali dakusasshiyar aska ce ta fi yankan mutum, saboda ita ce ke tilasta wa hannu dannawa.

Daga washi sai jiƙa kai. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, amma yana shan ruwa, kuma cikin 'yan mintoci yake yin laushi. Tsofaffin wanzamai da ruwa zalla suke aiki, ko da ɗan sabulun salo, suna murza kai da tafin hannu har sai gashin ya kwanta, a lokacin sanyi kuma da ruwa mai ɗumi. Wannan murza tana da wani amfani na daban, domin da ita ake gano ƙurji da tabo da kumburi da makero kafin aska ta kai gare su. Yaro yakan yi watanni yana jiƙa wa ubansa kai, uban ya zo ya aske.

Ranar da aka miƙa masa aska, kan ƙannensa da na yaran unguwa da almajirai ake fara ba shi, su ma ba duka kan ba. Akan bar masa tsakiyar kai da gefe, inda fata take a shimfiɗe, uban ya karɓa a ƙarasa. Abin da ake nema ya iya shi ne haɗa hannu biyu: babban yatsan hagu yana jan fata ta miƙe, dama tana tafiyar da aska a kwance, da gajeren ja, tana bin yadda gashi ya kwanta. Idan aska ta miƙe tsaye za ta kankare fata, idan kuma aka ja ta a tsawon bakinta za ta tsaga. Wuraren da ake jinkirta masa su ne ƙeya mai ninki da bayan kunne da goshi. Ba banza ba Hausawa suke cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Gyaran fuska, wato fitar da saje da rage gashin baki da share ƙarƙashin haɓa da maƙogwaro, shi ne na ƙarshe, domin dattijo ba ya miƙa wuyansa ga hannun da bai yarda da shi ba.

Sai wanda ya wuce duk waɗannan ake bari ya aske kan jariri, inda maɗiga take da taushi, kuma sai wanda ya iya wannan ake nuna wa tsaga da ƙaho da kaciya. A ganin mai wannan bincike, hikimar tsarin tana nan: yaro ya aske kawuna masu ɗimbin yawa, ya ga jini kaɗan-kaɗan, ya koyi tsayar da shi, kafin a ba shi aikin da kuskurensa ke iya kashewa. Maganar asirai da tauri da wanzamai ke alfahari da su a wurin biki tana da nata matsayi a al'ada, amma abin da ke tsare ran yaro ranar kaciya shi ne shekarun da hannun ya yi a kan aski.

3.3 Zamanin Turawa: Kwabo da Reza

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Mafara da Bakura da Maradun sun zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wuri ya ba da wuri ga kwabo da sisi da sule, wanzami ma ya shiga neman kuɗin hannu. Wannan ya ƙarfafa askin kasuwa, inda ake biya nan take, kuma kasuwar Talata, wadda garin Mafara ya samo rabin sunansa daga gare ta, tana tara baƙin kawuna daga ƙauyuka mako-mako. Sunan askin ƙwal-kwabo ma yana ɗauke da kuɗin Turawa a cikinsa. Ga mai koyo, kasuwa ta zama makaranta ta biyu, kuma ta buɗe ƙofa ga 'yan haye, tun da baƙo ba ya tambayar asalin mai aska.

A wannan zamani ne kuma reza ta shigo. Kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da ita a 1903, shekarar da Sakkwato ta faɗi, kuma isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ta sauƙaƙa shigowar kayan kanti cikin Zamfara. Duk da haka reza ba ta kori wanzami ba. Mutum yana iya share haɓarsa da ita, amma ba ya iya aske ƙeyarsa.

3.4 Daga Bakalori Zuwa Shagon Aski

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970. Aikin madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya yi aka kammala madatsar a 1978, ya jawo ma'aikata 'yan albashi daga sassa daban-daban na Nijeriya. Ya kuma tashi ƙauyuka daga mazauninsu, ya raba manoma da gonakinsu, har abin ya kai ga kisan manoma a watan Afrilu na 1980. Wanzamin da ladarsa damin hatsi ce daga gidajen da ya gada, idan aka watsa gidajen aka karɓe gonakin, to an taɓa tushen sana'arsa. A gefe guda kuma ma'aikata da 'yan makaranta, da kuma ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Talata Mafara daga baya, saisaye suke so, wanda almakashi da injin aski suka fi dacewa da shi. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙara yaɗa barin gemu, sai aikin fuska ya ragu zuwa gyaran gefe.

Sai kuma cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Wayar da kan da ya biyo baya ya nuna haɗarin yin amfani da aska ɗaya a kan mutane da yawa, kuma maganar gaskiya ce, domin ƙwayar ciwon hanta ma tana bin jini, kuma gogawa a tafin hannu ba ta kashe ta. Wanzamai da yawa sun koma amfani da mariƙi mai kamar aska wanda ake saka wa ɓarin sabuwar reza ga kowane mutum. Ta fuskar lafiya wannan ci gaba ne da bai kamata a yi jayayya da shi ba. Ta fuskar koyo kuwa, ya share matakin washi ɗungurungum, wato matakin da yake koya wa yaro haƙuri da sanin kaifi.

Abin da ya fi damun mai wannan bincike shi ne rashin daidaiton sauyin. Askin yau da kullum ya koma shago, amma askin suna da ƙaho da kaciya, musamman a ƙauyukan da ke nesa da asibiti, suna nan a hannun wanzamai. Ke nan ƙaramin aikin da ake koyo a kansa ya ragu, babban aikin da ake koyon dominsa ya saura. Ɗan wanzamin da ya tashi bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 yana iya kai wa ga askar kaciya ba tare da ya aske ko kusa da yawan kawunan da kakansa ya aske ba.

Matsalar tsaro da ta addabi Zamfara tun daga wajejen 2011 ta ƙara taƙaita wuraren koyon. Zagayen ƙauyuka da zabira, wanda a cikinsa ne yaro yake sanin gidajen askin ubansa, ya zama kasada a dazukan Maradun da Bakura, kuma mutanen ƙauyuka da dama sun yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako-mako na jihar na wani lokaci don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. A tsawon wannan rufewa, mai koyon da ya dogara da rumfar kasuwa bai da inda zai sami kan da zai jiƙa, sai dai ya koma kan ƙannensa da almajiran unguwa, inda kakanninsa suka fara.